Barin taba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Babankatami, da na sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita, yau za mu yi magana kan taba. Wasu cikinmu sigari suke sha. Wasu kuwa garin taba suke ci da kanwa. Duka biyun suna ɗauke da wani sinadari mai suna nikotin. Shi ne ke kama jiki har mutum ya kasa bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. A ranar 15 ga watan Mayu 2006 kuma aka kafa dokar da ta hana tallar taba da shanta a wuraren taron jama'a. Amma doka ba ta cire ƙishin taba daga jiki. Wannan aikin taimako ne.

Shin taimakon ma'aikatan lafiya yana ɗorewa? A Ingila, gwamnati ta buɗe wuraren taimakon masu son barin taba tun 1999. Binciken da aka fitar a 2005 ya nuna cewa cikin mutum 100 da suka je, wajen 15 ba su koma ga taba ba har bayan shekara guda. Masu bari su kaɗai kuwa, 3 zuwa 5 ne kawai cikin 100 ke ɗorewa.

Darasi biyu ke nan. Na farko, taimako yana da amfani ƙwarai. Na biyu, ko da taimako, da yawa sukan koma. Saboda haka wanda ya koma kada ya yanke ƙauna. Ya sake ɗaura niyya.

Ga shawararmu. Ka sa ranar bari, ka gaya wa iyalinka. Ka je likita ka shaida wa ma'aikacin lafiya, kuma ka riƙa komawa wurinsa ko bayan ka bari. Satin farko ya fi wuya: ga fushi, ga rashin barci. Bayan sati 2 zuwa 4 wahalar takan ragu. In ƙishin taba ya taso, ka sha ruwa, ka kama wani aiki, zai wuce cikin ƴan mintoci. Wanda kuma tari ya dame shi fiye da sati 2, ya je a yi masa awon tarin fuka.

Ribar tana da yawa. Bayan shekara 1 da bari, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kamar rabi. Mai kashe dala 20 kullum a kan taba, jika 36 da rabi yake ƙonawa a shekara. Da wannan kuɗi ana iya sayen iri da taki.

Mu ɗalibai da malaman yaƙi da jahilci, mu karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi. Wanda ya bari kuma ya riƙe hannun ɗan uwansa.