Banish Kafin Zane: Saurin da Ke Haifar da Nawa

Wata ɗabi'a ta yaɗu a shagunan da ke zana sunaye da tambari a kan katakon fulawud da injin leza, masu yin allunan lambar yabo da tsarabar biki. Sai a shafe katako da banish mai kauri, tun bai gama bushewa ba a cusa shi cikin inji, wai don hayaƙi kada ya ɓata fuskarsa. Wannan ganganci ne, kuma ya isa haka.

Shi fulawud siraran ɓawon katako ne da aka jera aka manne da gam, shi kuwa leza ƙona wurin zanen yake yi da tsananin zafi. Ke nan duk abin da aka shafa a kan katakon sai ya ƙone, mai aiki ya shaƙa. Tina, wato ruwan da ake tsinka banish da shi, da sauran sinadaran da ke cikin ɗanyen banish suna kama wuta nan take, ga shi cikin injin akwai iska mai hurawa. Banish mai kauri irin na foliyuritan ko ya bushe, idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba ga huhu. Wannan ƙari ne a kan gam ɗin katakon, wanda galibi yake ɗauke da fomaldihaid, sinadarin da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin masu haddasa cutar tun 2004. Yaron shagon da ke tsaye kan inji daga safe zuwa magariba, wane laifi ya yi?

Za a ce ai banish yana sa a goge kunkunniya cikin sauƙi. Gaskiya ne, amma shafi ɗaya marar kauri wanda ya bushe sarai shi ke yin wannan, kuma salatef na takarda da aka manna a fuskar katakon ya fi shi. Mai kauri narkewa yake yi a gefen haruffa, ya yi ƙuraje, ya bar danƙo rawaya. Sannan ramukan zanen suna nan tsirara, tunda wuta ta cinye abin da ya rufe su. Da damina ta sauka sai su sha danshi, allo mai kaurin milimita 3 ya lanƙwashe a bangon mai shi. Wasu kuma su ce mai kaya yana jira. Jinkirin kwana ɗaya ya fi sauƙi a kan maido da kaya da zubewar mutunci. Tsadar kayan aiki ma uzuri ne da ake kawowa, sai dai allon da ya lalace ya fi salatef tsada.

Ga yadda ya kamata. A fara goge katako da sanfefa mai lamba 220, ana bin tsawon jijiyarsa, a hankali, domin ɓawon sama siriri ne ƙwarai, hannu mai nauyi zai kai ga gam. A share ƙura. In za a sa launi, a sa shi yanzu da tsumma, kaɗan-kaɗan, a zaɓi mai haske, don zanen da wuta ke yi mai duhu ne, ba zai fito a kan launi mai duhu ba. In an bari sai bayan zane, ramukan za su tsotse launin ya malala ta gefen haruffa. A bar shi ya kwana ya bushe, a manna salatef, a gwada a guntun katako tukuna. A kunna fankar da ke jan hayaƙi zuwa waje, kada kuma a bar inji yana aiki babu kowa. Duk allon da aka lulluɓe da roba irin ta PVC a nisanta shi da leza, domin iskar da yake fitarwa tana cin huhu, tana cin ƙarfen injin.

Bayan zane a ɓare salatef, a share ramuka da burushi mai laushi, sannan a sa banish shafi 2 ko 3 marasa kauri, ana bari kowanne ya bushe. A shafa gaba da baya har da gefuna, don danshi kada ya sami ƙofar shiga.