Sarauniyar Hamada a Majigin Turawa

A 1919 wani marubuci Bafaranshe, Pierre Benoit, ya fitar da littafin labari mai suna L'Atlantide. A lokacin shekara ashirin ke nan da sojojin Faransa suka ci Damagaram da yaƙi, kuma mutanen Paris na ɗokin jin duk wani abu da ya shafi hamada. Labarin na wasu hafsoshi biyu ne, Morhange da Saint-Avit, da suka ɓata a duwatsun Ahaggar, ƙasar Buzaye a kudancin Aljeriya, suka faɗa hannun wata sarauniya, Antinéa. Sana'arta ita ce yaudarar maza. Wanda ya mutu saboda sonta sai a shafe gawarsa da wani irin ƙarfe, a jera ta a wani zaure na jan dutse. Son wannan mata ne ya sa Saint-Avit ya kashe abokinsa.

Littafin ya yi kasuwa, masu shirya fim kuwa suka yi masa caa. Jacques Feyder ne ya fara, a 1921. Ya kwashi ma'aikata da kayan aiki zuwa hamadar Aljeriya, abin da ba a saba ba a zamanin da ake zana rairayi a jikin bango a ɗauki hoto. Ya ba wata mai rawa a Paris, Stacia Napierkowska, matsayin Antinéa. Masu sharhi sun yaba wa hamadar fiye da yadda suka yaba wa sarauniyar, amma jama'a ba su fasa cika silima ba.

A 1932 G. W. Pabst ya sake shi da sauti, har kashi uku: na Jamusanci, na Faransanci da na Turancin Ingila. A duka ukun Brigitte Helm ce sarauniya, wadda aka sani tun fim ɗin Metropolis. Magana kaɗan take yi, fuska ba walwala.

Wanda aka yi a 1961 shi ne ya fi kama da irin finafinan nan na neman kuɗi da gaggawa da Italiya ta yi suna a kai: launi mai ɗaukar ido, tufafin da ba su rufe jiki ba, da hoton talla da ya yi alkawarin abin da fim ɗin bai kai ba. Haya Harareet, wadda ta fito a Ben-Hur, ita ce Antinéa. Aka kuma cusa gwajin bam na nukiliya a cikin labarin, domin a Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da nata na farko a Reggane, cikin wannan hamada.

Duk wanda ya jera waɗannan finafinai zai lura da abu guda. Labarin a Afirka yake, amma matan Afirka ba su da wuri a gaban kyamara. Hatta baiwar sarauniya, Tanit-Zerga, wadda littafin ya ce 'yar sarautar Gao ce, Bafaranshiya Marie-Louise Iribe ce ta fito a matsayinta a 1921.

Alhali kuwa an yi sarauniya ta gaske da ta kara da hafsoshin Faransa biyu na gaske. A Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Aznan ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Cikin kwanaki kaɗan sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a yankin Maijirgi. Sauran rundunar ta nausa gabas, ta gwabza da dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini.

Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba da ya yi siyasarsa a Damagaram, ya sha gudun hijira da kurkuku, shi ya mai da tarihin Mangu littafi a 1980. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da littafin fim a 1986, da suna Sarraounia. An so a ɗauke shi a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta, 'yar ƙasar, ta fito a matsayin Sarauniya, riƙe da baka, tana jagorantar mayaƙa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Sauya wurin ya bar tabo. Bahaushe mai kallo zai ji Sarauniyar Lugu da mutanenta suna magana, amma sai ya bi rubutun Faransanci da ke ƙasan allo kafin ya fahimci abin da suke cewa, domin yawancin 'yan wasan ba Hausawa ba ne.