Gwajin Jini Kafin Aure: Takardar Asibiti a Gidan Biki

Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, gadonta ake yi, kuma sai an gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin mai kai iskar numfashi ga sassan jiki. Na yawancin mutane shi ake yi wa alama da harafin A. Akwai kuma nau'in S, wanda idan iska ta yi masa ƙaranci yakan sa ƙwayar jini ta sandare, ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa, rawayar ido da ƙarancin jini suke tasowa. Wanda ya gaji A daga ɓangare ɗaya da S daga ɗayan shi ne AS. Lafiyarsa lau, yana noma yana cin kasuwa, yakan ma tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Mai cutar shi ne SS. Akwai nau'in C wanda idan ya haɗu da S yake kawo ciwon, sai dai ya fi yawa a ƙasar Yarabawa da Gana da Burkina Faso.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A nan ake yawan ruɗewa. Ba ana nufin cikin 'ya'ya huɗu dole a sami ɗaya ba. Kowane ciki da nasa rabon: wani gida ya haifi shida babu mai ciwo, wani ya jera uku. Shi ya sa duk lokacin da ma'aikacin lafiya ya ja kunne, ba a rasa dattijon da zai kawo misalin wane da wance da suka yi aure ga 'ya'yansu nan garau. Misalin gaskiya ne, amma bai rushe lissafin ba.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Dalilin yawan yana wajen sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka suka fi tsira a ƙuruciya har su haihu. Duk ƙasar da ke da damina da fadama, irin yankin Ƙaraye da Rogo a yammacin Kano inda madatsar ruwa ta Challawa take, S ya daɗe da samun wurin zama a cikin jinin mutanenta.

Tun kafin likitan Amurka James Herrick ya bayyana cutar a rubuce a 1910, Bahaushe yana da nasa bayanin. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa tana wabi, a raɗa wa na gaba suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Ba duk wabi ne sikila ba, domin ƙyanda da zazzaɓi da gudawa sun kwashe nasu kason, amma babu shakka tana ciki. Yaron da ke kwana yana ihu da sanyin hunturu ko tsakiyar damina kuwa, a ce sanyin ƙashi ne, ko iska, ko maita.

Zaman kishi ya ƙara wa lamarin wani ƙulli. Magidanci AS yana iya auren mata biyu, ɗaya AA ɗaya AS. Ɗakin ta farko ba za a taɓa samun SS ba, ɗakin ta biyu kuwa ana iya samu. Abin da ido ke gani shi ne miji ɗaya, 'ya'yan wannan lafiya, na waccan kullum asibiti. Sai hukunci ya fito da kansa: jinin uwar ne, ko kuma kishiya ce ta yi mata asiri. Alhali rabin gadon daga maigidan ya fito. Auren zumunci shi ma ana ɗora masa laifin da ya fi nasa. Ba ya ƙirƙirar cutar, yana dai ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu idan dama akwai shi a dangi. Amma inda mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, ko bare da bare suka haɗu, kusan aure ɗaya cikin 16 zai kasance na AS da AS.

A Kano, gwajin lafiya kafin aure ya fara shahara ne ta hanyar auren zawarawa da Hukumar Hisbah ta soma ɗaurawa a 2012, inda ake tantance lafiyar masu nema. A auren gata na watan Oktoba 2023, wanda ya haɗa ma'aurata 1,800, an bi wannan tsarin. Sannan a watan Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ga kowa: jinotayif (wato ko mutum AA ne, AS ko SS), ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C. Ba a yarda a ɗaura aure ba sai an gabatar da takardar shaida daga asibitin da gwamnati ta amince da shi, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Dokar ta kuma hana tsangwamar masu ɗauke da waɗannan cututtuka.

Yadda dokar ke aiki a Fagge ko Tarauni na cikin birnin Kano daban, yadda za ta yi a Daura ta ƙaramar hukumar Ƙaraye daban (ba Daurar Bayajida ba, wannan mazaɓa ce a ƙasar Kano). A irin wannan gari aure ba na mutum biyu ba ne, kuma ba a rana ɗaya ake ƙulla shi ba. An kai kuɗin na-gani-ina-so, an yi gaisuwar iyaye, an sa rana, an raba goro da alewa, ango ya sayar da amfanin gona ya haɗa lefe, uban yarinya ya ci bashin kayan ɗaki. Sai ana saura mako guda a tuna liman zai tambayi takarda. Idan sakamako ya fito AS da AS a wannan gaɓar, wa zai iya buɗe baki ya ce a fasa? Ba ƙaramin abu ba ne a mayar da akwatuna gidan ɗan'uwan uba. A nan ne ake jin "Allah ne ke tsarewa", wadda gaskiya ce, sai dai sau da yawa kunya da tsoron asara ne suke fakewa a bayanta. Malamai da dama sun sha bayyana cewa neman sani da kauce wa cuta ba su saɓa wa tawakkali ba.

Saudiyya ta riga ta ga wannan. Ta wajabta gwajin sikila da talasimiya (wata cutar jini ta gado) a 2004, ta bar wa ma'aurata zaɓi, kuma a shekarun farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka gargaɗa sun yi aurensu, galibi saboda gwajin ya zo bayan an gama shiri. A tsibirin Saifurus, inda coci ta fara neman takardar gwaji a 1983, haihuwar masu talasimiya ta ragu ƙwarai, amma ta hanyar gwada ɗan tayi da zubar da ciki. Wannan hanya ba ta da kasuwa a ƙasar Hausa, kuma dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa.

Akwai kuma batun sirri. A ƙauye, takardar da ta bi ta hannun waliyyi da wakilin ango da liman ta zama labarin bakin rijiya. Yarinyar da aka fasa aurenta sai a ce "sikila gare ta", ko da AS ce mai ƙoshin lafiya wadda za ta auri AA ta haifi 'ya'yan da babu SS a cikinsu. Saurayin yakan nemi wata cikin sauƙi, ita ce ake bari da tabon. Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗanɗana irin wannan a shekarun 1970, lokacin da aka rikita AS da SS har aka hana wasu aiki da inshora. Inda tsoron tabo ya yi yawa, takardar bogi takan sami masu saye. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ana auratayya ta kowane ɓangare, kuma dokar Kano a iyakar Kano ta tsaya.

Gwajin kansa ba ya rasa kuskure. Mutane da yawa suna ɗaukar rukunin jini, wato O ko A ko B, a matsayin jinotayif, alhali ba abin da ya haɗa su. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan yana iya samun sakamakon da ba nasa ba. Na'urar da aka saba amfani da ita tana buƙatar lantarki da ƙwararren hannu, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a maimaita a wuri na biyu.

Jinotayif ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa, don haka babu abin da ya ɗaure gwajinsa da makon biki. Yanzu akwai 'yan tsinkayen gwaji da ke aiki da ɗigon jini ba tare da lantarki ba, har a kan jariri. Idan SS ne, a fara ba shi kulawa da wuri: rigakafi, maganin kare shi daga ƙwayoyin cuta, gidan sauro, da maganin haidiroksiyuriya, wanda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Idan AS ne, iyaye su riƙe sanin tun kafin a fara zance. A garuruwan Ƙaraye da Rogo, inda haihuwa da yawa a gida ake yin ta a hannun ungozoma, wuraren da za a fi samun yaran su ne layin allurar rigakafi, ajin firamare da makarantar Islamiyya.