Kayan aikin garejin gida

Kayan aikin garejin gida su ne kayan aikin hannu, ƙananan injuna da ƙananan ƙarafa irin su ƙusa, noti, bol da sukuru, waɗanda mutum ke ajiyewa a gidansa domin gyaran mota, babur, keke, ƙofa, famfo da sauran kayan amfanin yau da kullum. A Hausa kalmar gareji ta fi nufin wurin da makanikai ke aiki, amma tana kuma nufin ɗaki ko rumfar da ake ajiye mota a gida. A ƙasashe irin su Amurka, Kanada da Ostareliya, inda kuɗin aikin mai gyara ke da tsada, mutane da yawa kan keɓe wani ɓangare na wannan ɗaki su mayar da shi wurin aikin hannu. Abu biyu ne ke sa irin wannan wuri ya yi amfani: kayan su dace da girman notin da sukurun da za a kwance, kuma kowane abu ya kasance yana da mazauninsa.

Tarihi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kowace masana'anta tana yanka zaren bol ɗinta, wato tsagar da ke zagaye jikinsa, yadda ta ga dama, ta yadda notin wani kamfani ba ya shiga bol ɗin wani. A shekarar 1841 injiniyan Ingila Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni ɗaya na zare, mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo nasa a Amurka, mai digiri 60. A 1949 Amurka, Birtaniya da Kanada suka haɗu a kan ma'auni ɗaya na inci, bayan wahalar da rashin dacewar kayan gyara ya jawo musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Mafi yawan sauran ƙasashe suna amfani da ma'aunin milimita na hukumar ISO. Daidaita ma'auni shi ya ba mutumin da ba makaniki ba damar sayen sifana 'yan kaɗan ya yi ayyuka masu yawa da su.

Kayan aikin kansu sun canza a wannan zamani. Johan Petter Johansson na ƙasar Suwidin ya yi rajistar sifanar da ake ƙara wa baki ko a rage a farkon shekarun 1890. Kamfanin Fein na Jamus ya ƙera injin huda na lantarki da ake riƙewa a hannu a 1895, sannan Black & Decker na Amurka ya fito da mai aiki da batir a 1961. Wasu manyan kamfanoni ma a garejin gida suka fara. Bill Hewlett da David Packard sun kafa Hewlett-Packard a 1939 a wani ƙaramin gareji a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya.

Yadda ake zaɓen kaya

Ana fara zaɓe ne da duba aikin da za a riƙa yi. Mai gyaran babur da mota ya fi bukatar sifana, jak da filaya. Mai aikin katako ya fi bukatar zarto, guduma, kurfi, tef ɗin awo da sanfefa. Yawancin masu koyar da sana'a suna ba da shawarar a sayi kaya kaɗan masu kyau, a riƙa ƙarawa duk lokacin da wani aiki ya taso, maimakon babban akwati mai arha wanda rabin abin da ke cikinsa ba za a taɓa shi ba.

Ingancin ƙarfe yana da muhimmanci musamman a kayan da ke kama noti. Sifana mai laushin ƙarfe bakinta kan buɗe, ta zame, ta cinye kusurwoyin noti har ya gagari kwancewa. Sifanu masu kyau galibi ana yin su da ƙarfen da aka haɗa da kuromiyam da banadiyam, kuma ana buga alamar Cr-V a jikinsu, ko da yake jabu ma kan ɗauki wannan alama. Kayan hannu na gwanjo, idan bakinsu bai lalace ba, sau da yawa sun fi sababbi masu arha ƙarko.

Kayan hannu na farko

Kayan da aka fi farawa da su sun haɗa da guduma, filaya, sukundireba mai faɗin baki da mai bakin tauraro, zarton katako da na ƙarfe, magagari, tef ɗin awo, wuƙa, testa ta gwada wuta, da jerin sifanu daga milimita 8 zuwa 19. Bayan su sai soket, wato sifana mai kama da kofi da ke rufe kan noti gaba ɗaya. Ramin da hannun soket ke shiga da inci ake auna shi ko'ina a duniya: akwai na 1/4, na 3/8 da na 1/2. Na 3/8 ya wadatar ga yawancin ayyukan gida, na 1/2 kuma shi ne na notin taya da sauran ɗauri mai tauri.

Bakin sukuru iri-iri ne. Akwai na Phillips mai siffar gicciye, wanda ya bazu a masana'antar motocin Amurka a shekarun 1930. Akwai Pozidriv, wanda ya yi kama da shi amma yana da ƙarin ƙananan tsagu huɗu. Akwai mai rami kusurwa shida da ake kwancewa da makullin Allen, akwai kuma Torx mai siffar tauraro mai tsini shida, wanda aka ƙirƙira a 1967. Amfani da sukundireba na Phillips a kan sukurun Pozidriv yana daga cikin abubuwan da suka fi cinye kan sukuru.

Kayan lantarki

Injin huda shi ne yawanci na farko da ake saya, sai injin yanka da gurzar ƙarfe. Mai igiya ya fi arha kuma ƙarfinsa ba ya raguwa. Mai batir ya fi sauƙin ɗauka kuma yana aiki ko an ɗauke wuta. Batirin wani kamfani galibi ba ya shiga injin wani, saboda haka wanda ya fara da kamfani ɗaya kan tsaya a kansa.

Dole a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin inji. Najeriya, Nijar, Ghana da ƙasashen Turai suna amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, Amurka da Kanada kuwa bolt 120. Injin da aka shigo da shi daga Amurka zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba.

Noti, bol da ƙusa

A ma'aunin milimita, harafin M da lamba suna nuna kaurin jikin bol, ba faɗin kansa ba. Bol ɗin M6 yana da kaurin milimita 6, kuma sifana mai lamba 10 ke kwance shi. M8 yawanci sifana 13 ke kama shi, amma a motoci da baburan Japan 12 ce. Shi ya sa masu gyaran Toyota da Honda suka fi amfani da 10, 12, 14 da 17, masu gyaran motocin Turai kuma ba sa rabuwa da 13.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka sifanar rabin inci milimita 12.7 ce. Ta kusa da 13 amma ba ɗaya ba ne, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya lalata kan noti. Haka nan notin inci zai iya fara hawa bol ɗin milimita zagaye ɗaya ko biyu kafin ya cije, kuma idan aka matsa masa da ƙarfi zaren ya lalace.

Lambobin da ke kan bol, irin su 4.6, 8.8, 10.9 da 12.9, suna nuna ƙarfinsa. Bol mai 8.8 yana jure jan da ya kai kimanin megafaskal 800 kafin ya tsinke. Ba a maye gurbin bol ɗin birki, na taya ko na sitiyari da wanda lambarsa ta gaza ta asali.

Tsara wuri

Teburin aiki shi ne tsakiyar wurin. Tsayinsa kan kai santimita 85 zuwa 95, kuma ana so ya yi nauyi ko a kafe shi a bango domin kada ya motsa. A gefensa ake ɗaura bayis, wato ƙarfen da ke damƙe abin da ake yanka ko gogewa. Fitila takan kasance a saman tebur ta yadda inuwar mai aiki ba za ta rufe aikin ba.

Ƙa'idar ajiya ita ce abin da ake yawan ɗauka ya kasance inda hannu zai kai, mai nauyi ya zauna ƙasa, wanda ba a cika nema ba ya hau sama. Ana rataye kayan hannu a allo mai ramuka ko a katakon da aka buga wa ƙusoshi. Wasu kan zana siffar kowane abu a mazauninsa, ta yadda da kallo ɗaya za a gane wanda ba a dawo da shi ba. Wannan dabara tana cikin tsarin 5S da ya fito daga masana'antun Japan, wanda ya ƙunshi fitar da abin da ba a bukata, jera saura, tsaftacewa, kafa ƙa'ida da dagewa a kanta.

Ƙananan ƙarafa ana raba su bisa iri da girma a cikin ƙananan aljihunan roba, kwalabe ko gwangwanaye, a rubuta girman a jiki. Na inci ba a haɗa su da na milimita. Idan ana kwance inji, akan jera notunan bi da bi a faranti ko a soke bol-bol ɗin a jikin kwali da aka zana hoton injin, domin kowanne ya koma inda ya fito.

Kulawa da kariya

Tsatsa da ƙura su ne manyan abokan gabar kayan aiki. Da damina ana shafa wa ƙarfe ɗan mai kuma a ɗaga shi daga siminti. Da hunturu ana rufe injuna domin kada ƙura ta toshe ramukan shan iskarsu. Batir ba ya son zafi, don haka ba a barin sa a rana ko cikin rufaffiyar mota.

Ba a tayar da mota ko janareta a rufaffen gareji, domin hayaƙinsu yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ko wari kuma tana kisa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tallafe ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka a kan ƙasa mai tauri, an kuma tokare tayoyin. Ana sa tabarau na kariya yayin huda ko gurza, a kuma cire inji daga wuta kafin a canza masa baki. Fetur da sinadarin tsinka fenti ana ajiye su a rufe, nesa da tartsatsi. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, sai da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. A gidan da akwai yara, kayan yanka, injuna da sinadarai a kulle ake ajiye su.