Comet: jirgin da ya riƙa tarwatsewa a sama ba tare da wuta ko bam ba

Yau zan ba ku labarin Comet, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, wanda kamfanin de Havilland na Ingila ya ƙera.

Ranar 2 ga Mayu 1952 ya fara jigila, daga Landan zuwa Johannesburg, da fasinja 36. Gudunsa ya fi na jirage masu farfela sosai, kuma yana hawa can sama inda iska ta yi ƙaranci. To a nan matsalar take. A wannan tsayin mutum ba zai iya numfashi ba, sai an cusa iska cikin jirgin. Kenan duk tashi jikinsa ya ɗan kumbura kamar balan-balan, duk sauka ya saki.

Ranar 10 ga Janairu 1954, wani Comet ya tashi daga Rum, ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka mutu. Shi ne fa ainihin jirgin da ya yi waccan tafiyar ta farko. Aka dakatar da jiragen, aka yi 'yan gyare-gyare, aka sake su a watan Maris alhali ba a gano dalili ba. Ni dai a ganina wannan ganganci ne, don martabar Ingila aka fi kallo. Ranar 8 ga Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples, mutum 21.

Yanzu ku ji dabarar masu bincike a Farnborough. Suka gina ƙatuwar tankin ruwa, suka nutsa gangar jikin Comet guda a ciki, suna ƙara matsin ruwa suna ragewa, kowane zagaye a madadin tafiya ɗaya. Me ya sa ruwa? Da iska aka yi, in ya fashe sai ya yi kaca-kaca, ba a ga inda tsagar ta faro ba. Da aka kai kusan tafiya 3,000, har da waɗanda ya yi a zahiri, sai jikin ya tsage a kusurwar wata taga.

Gajiyar ƙarfe kenan. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasawa kana miƙewa, ai ƙarshe karyewa za ta yi. Kusurwa kuwa nan nauyi ke taruwa. Mutane na yawan cewa tagogin fasinja masu kusurwa huɗu ne suka jawo, amma a jirgin Elba tsagar ta faro ne a wata 'yar tagar eriya da ke rufinsa, ga kuma ƙarfen jikin ya yi siriri.

An sake ƙera shi da ƙarfe mai kauri da tagogi masu zagaye, ya dawo a 1958 da sunan Comet 4. Amma a shekarar Boeing 707 na Amurka ya shigo, ya kwashe kasuwar. Comet 114 kacal aka ƙera.