Kawu, Baffa da Frændi: Yadda Mutanen Aislan Ke Kiran Dangi

Duk wanda ya shiga gidan kallo a Gaya ranar Juma'a, 22 ga Yuni, 2018, da Ahmed Musa ya zura wa Aislan ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha, zai tuna wani abu ban da ihun murna. Kusan duk 'yan wasan ƙasar sunansu da "son" yake ƙarewa, har da Gylfi Sigurðsson da ya ɓarar da fenareti, kai ka ce gida ɗaya suka fito. Ba haka ba ne. Sigurðsson na nufin ɗan Sigurður, kamar yadda muke cewa Usmanu ɗan Fodiyo. Mace kuwa "dóttir" ake liƙa mata, wato 'yar wane. Vigdís Finnbogadóttir, wadda aka zaɓa shugabar ƙasar a 1980, 'yar Finnbogi ce, kuma aure ba ya sauya wa mace suna a can. Mu mukan ɗauki sunan gari, kamar tsohon Sanata Kabiru Gaya. Su kuwa tun 1925 doka ta hana ƙirƙirar sabon sunan gida.

Mutanen tsibirin Aislan ba su kai rabin miliyan ba, kuma harshensu ya yi suna wajen wuya. A ganina, wuyar ta fi kama Bature. Bahaushe yana da fitila a hannu tun kafin ya fara.

Mu fara da haruffa biyu da ke razana baƙo: þ da ð. Yaron da ya yi makarantar allo a Ajingi, ya koyi sa harshe tsakanin haƙora wajen fitar da ث da ذ, ya gama da su, domin sautin ke nan. Sai kalmomin gida: faðir uba, móðir uwa, sonur ɗa, dóttir 'ya, bróðir ɗan'uwa, systir 'yar'uwa. A cikin gida pabbi da mamma ake cewa, kusan irin baba da mama namu. Kaka namiji afi, kaka mace kuwa amma. Bahaushe in ya ji wannan sai ya tsaya jiran ƙarashen magana.

Inda kamar harsunan biyu ta fi fitowa shi ne mallaka. Muna cewa ubana, amma uwata: kalmar mallakar tana zuwa a baya, tana bin jinsin abin da aka mallaka, ba na mai shi ba. Haka su ma: pabbi minn, babana, mamma mín, mamata. Ko namiji ke magana ko mace, ba ya sauyawa. Haka nan yadda muke mayar da yaro ya zama yaron, yarinya ta zama yarinyar, su ma a wutsiyar kalma suke liƙa alamar: barn ya koma barnið. Sai dai a nan hanya ta rabu. Hausa jinsi biyu gare ta, su uku: namiji, mace, da wanda ba ko ɗaya ba. Barn, wato ɗa ko 'ya, cikin na ukun yake, don haka barnið mitt za ka ce.

Abin da ba mu da shi sam, kuma shi ke cin lokacin mai koyo, shi ne sauyin suna bisa aikinsa a jimla, har kala huɗu. Wanda ya taɓa nahawun Larabci, ya sha fama da rufu'a da wasalin sama da na ƙasa a ƙarshen kalma, ya san irin cutar. Bróðir ne in shi ke aikatawa, amma "ina da ɗan'uwa" sai ka ce ég á bróður. Shi ya sa Finnbogi ya koma Finnboga a sunan 'yarsa. Ƙidaya daga ɗaya zuwa huɗu ma jinsi take bi: ég á tvo bræður, ina da 'yan'uwa maza biyu, ég á tvær systur, mata biyu.

A wajen dangi kuwa mun fi su arzikin kalma. Ba su da wa da ƙane a kalma ɗaya, sai su ƙara eldri, babba, ko yngri, ƙarami. In suna son tantancewa za su ce móðurbróðir ga kawu, föðurbróðir ga baffa, föðursystir ga gwaggo. Amma a hira ta yau da kullum, kawu da baffa da ɗan baffa da ɗan ƙanwarka duk frændi ne, matan kuma frænka. Ka je ka gwada wannan a wurin ɗaurin aure a Gaya, inda kowa ya san baffa ne waliyyi, kawu kuwa sai dai ya zauna a gefe ya sa albarka.