Mace Mai Gemu Ba Mayya Ba Ce

A zangunanmu, daga Nima zuwa Kumasi, da wuya a rasa gidan da ba a taɓa jin an yi raɗa a kan wata mace don an ga gashi a haɓarta ba. Wasu su ce mayya ce, wasu su ce ta fi ƙarfin miji. Mun san 'yan matan da masu neman aurensu suka janye saboda wannan magana kaɗai.

To, me ke kawo gemu? Namiji da mace duka suna da ramukan gashi a fuska. Bambancin yana wajen wani sinadari na jiki da ake kira testosteron. Idan yaro ya balaga, wannan sinadari yakan yawaita a jininsa, sai gashin nan mai laushi ya yi kauri ya yi baƙi, murya kuma ta buɗe. Mace ma tana da shi, amma ɗan kaɗan. Yawan gemu kuwa gado ne, shi ya sa za ka ga magidanci da 'ya'ya biyar ba shi da ko saje.

Idan gashi ya fito wa mace a haɓa, akwai dalili. Tsohuwar da al'adarta ta ɗauke, sinadarin mata ne ya ragu a jikinta. Ga budurwa kuwa, galibi wata lalura ce ta ma'ajiyar ƙwan mace, wadda likitoci biyu na Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Alamominta su ne rikicewar al'ada, ƙurajen fuska, ƙiba da jinkirin haihuwa, kuma tana iya kaiwa ga ciwon sukari. Wani lokaci kuma man bilicin mai sinadarin sitiroyid ne ke haddasa shi.

Aski ba ya ƙara wa gashi kauri, kamar yadda ake faɗa. Amma aska ba ta maganin abin da ke cikin jini. A kai yarinya asibiti, musamman idan gashin ya fito farat ɗaya tare da canjin murya.

Iyaye da maƙwabta, mu kama bakinmu. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yar da ake zunɗe yau ta wani ce, gobe tana iya zama tamu.